Geron da Na Kai wa Marayun Farfesa

Tun ranar da na dawo daga Zariya ban huta da tambaya ba. In na sauka bakin tabki sarin kifi, masunta su bar taru su kewaye ni. In na fito masallaci, Alhaji Bawa mai goro ya riƙe mini hannun riga, wai yaya ƙasar Ingilishi, wato can tsallaken iyaka, kuma ina yaran da na buga ƙirji na ce zan dawo da su. Kullum sai in ce lafiya lau, in yi gaba. To na gaji da zillewa. Yau zan zazzage labarin duka, mai dariya ya yi abarsa, ni dai na riga na sha kunyata tun a can.

Ga wanda bai san gidanmu ba, marigayi Idi ƙanena ne, ubanninmu wa da ƙane. Lokacin da dogarai ke bi gida-gida suna kama yara a kai lakwal, makarantar bokon Faransanci, mahaifinsa ya aza shi a jaki ya tsallaka da shi Katsina wurin kawunsa don ya tsira. Ni aka kama. Na yi 'yan shekaruna ina shan bulalar mushe, wato malamin lakwal, na gudo da ɗan Faransancin da har kwanan nan nake taƙama da shi. Shi kuwa wanda aka ɓoye, makarantar Ingilishi ta cafke shi a can, ba ta sake shi ba har ya bar duniya.

Wata shekara wani falke ya zo daga Jibiya ya ce ya ji an ba Idi farfesa. Mutane suka taho wurina, tunda ni ne mai jin harshen Nasara a Madarunfa, ko dai haka nake ce wa kaina. Na gyara zama na bayyana musu cewa abin da mu muke cewa furofesa ne, bakin Ingilishi ya murɗe shi. Furofesa kuwa kowa ya san shi, mushen kwaleji ne irin na Maraɗi, masu tafiya da alli a aljihu, wani a tsohon keke, wani a ƙasa. Ya ɗan ɗara mushen ƙauye da taku guda, shi ke nan. Kowa ya gamsu, aka watse.

Shi ma Idin bai taimaki kansa ba. Duk kaka sai ya diro daga bayan kamyo, babbar motar kaya, da 'yar taguwa da takalmin roba, wani lokaci da matarsa Rabi da yaransu uku. Ya gaida manya, ya sha fura, gari na wayewa ya shiga gonaki. Ya tsaya wurin wannan ya roƙi zangarniya biyu ta geron zango, ya wuce wurin wancan ya roƙi ta maiwa, har ƙauyukan Gabi da Safo yakan taka. Mu kuwa tausayi ya cika mu. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a karatu, ga shi yana bin gonakin mutane yana tsintar abin kai wa iyali. Ni da kaina nakan bi bayansa in raɗa wa manoma su ba shi dami guda. Ya yi dariya ya ce 'yan kawuna kaɗan sun ishe shi, mu ce kunya ce irin ta mai rufin asiri.

Labarin rasuwarsa ya iske mu a ƙarshen damina, hatsi ya yi kai amma bai nuna ba, saura kaɗan ya zo yawon gonakinsa. Ba mu daɗe da fita daga fari ba, rumbuna duk sun yi ƙasa. Aka taru a gidanmu, na miƙe, don ni in dai taro ne ba na bari wani ya riga ni magana. Na ce 'ya'yan Idi jininmu ne, ba za mu bar su a hannun mace ita kaɗai a ƙasar wasu ba, alhali ubansu ko yana da rai sai mun taimaka. Zan tafi sadakar bakwai, in dawo da su. Aka bi gida-gida, tiya nan, rabin tiya can, har buhu ya cika, don a bar wa Rabi abin da za ta ci cikin takaba. Na ƙara da kwandon busasshen kifi daga nawa.

Kafin in tashi na shiga wurin Inna Hajo, mahaifiyar Idi. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce wancan. Idanunta sun yi rauni, tana zaune a bakin ɗaki tana laluben tasbaha.

"Sanda," ta ce, "ka ɗauko mini ɗiyan wancan. Kada su kwana da yunwa cikin baƙi."

Na ce ta sa a ranta sun iso.

Amalanken jaki ya fitar da ni bakin titi, kamyon 'yan kasuwa ya kai ni Ɗan Isa, bakin iyaka. Nan aka fara. Wani ɗan duwan siriri, mai binciken kaya a iyaka, ya zura ƙarfe a buhuna, gero ya zubo a tafinsa, ya ce hatsi ba ya fita ƙasa a irin wannan shekara. Na cire hula na karanta masa duka: marayu, takaba, ƙanena furofesa da bai bar komai ba. Sai fuskarsa ta sauko. Ya ce shi ma yana da wa furofesa a Damagaram, ya san halin da suke ciki. Ya toshe hujin da ya yi da tsumma, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in wuce. Na hau mota ina jin daɗin kaina, ga wata shaida a kan fassarata, daga bakin ma'aikacin gwamnati.

A Jibiya nasu ma'aikatan suka juya kartidantena, wato katin shaidata, gaba da baya, ba mai iya karanta Faransancin da ke jiki, suka miƙo mini suna cewa Faranshi ya wuce. Abin ya ba ni haushi. Hausarmu ɗaya, kakanninmu daga Katsinar nan tasu suka fito, amma wai ni Faranshi. Sai dai mu ma Ingilishi muke ce musu.

Tsakanin Jibiya da Katsina ruwa ya sauko. Yaran mota suka ja tampol, amma kwandon kifina yana can gefe, ya sha ruwa ya ƙoshi. Da rana ta sake fitowa sai kifin ya fara gaida mutane. Aka yi ta tsaki ana neman mai kayan. Wadda ta fi kowa toshe hanci da faɗa, da na duba abin da ke cinyarta, daddawa ce ƙwarya guda. Na tambaye ta ko turare ta ɗauko. Motar ta kwashe da dariya, ita kuma ba ta daina harara ta ba har tasha.

A Katsina na sauka gidan Alhaji Mamman, fatoman masu kifi, wanda muka daɗe muna hulɗa. Ya sa aka shanya mini kifin a kan tabarma, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, sak na gida. Safiya ce ta bambanta. Shayinsu ba a 'yan kofuna yake ba, kofi ne kusan kwano, cike da madara, ga burodi mai laushi da zaƙi wanda ba ya buƙatar haƙori. Na tuna namu dogo na Maraɗi wanda in ya kwana sai ka kori kare da shi. Muna ci na gaya wa Alhaji abin da ke tafe da ni. Ya ajiye kofinsa.

"Farfesa fa ka ce?"

"Hwarhesa mana. Mi a ciki?"

Ya dubi buhun, ya dube ni, ya buɗe baki ya rufe. Daga baya ya ce Allah ya jiƙan rai. Na ɗauka tausayi ne ya hana shi magana. Yanzu na san girman furfurata ya gani.

Hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa ba abin da ya tsaya mini a rai sai dawa, ta fi mutum tsawo, ga auduga ko'ina. A Funtuwa aka canza mota, na zauna kusa da wani magidanci mai wando da riga 'yar shara, sunansa Lawal. Hira ta kai mu ga inda za ni. Ina ambatar Idi ɗan Madarunfa, mutumin nan ya zabura, ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce malaminsa ne, shi ma sadakar za shi. Ya je ya yi magana da direba, aka tashi wani daga gidan gaba aka zaunar da ni. A raina na ce lallai 'yan Ingilishi sun san babbar riga in sun gan ta. Na ɗan yi mamakin ɗan kwaleji da gemu, amma na ce wataƙila a nan ba sa saurin gane karatu.

Da muka isa Zariya, Lawal bai bar ni na taɓa buhun ba, shi ya saɓa shi. Muka shiga wata unguwa a cikin jami'a, gidaje ba katanga ba zaure, sai shingen furanni, kowa na ganin ƙofar kowa. Muka tsaya a wani babban gida, motoci sun jeru har kan kwana. Na ce a raina shugaban makarantar mutumin kirki ne da ya ara musu gidansa don zaman makoki. Na tambayi Lawal ta ina ake zagayawa baya, ina nufin ɗakin Idi. Ya kawo mini buta.

Zaman makokinsu ma daban ne. Mu tabarma ce, ka zo ka durƙusa, a yi fatiha, ka ba wani wuri. Su kujeru ne a jere ƙarƙashin rumfa. Ga alhazai da manyan riguna, ga wakilin sarki da rawani, ga mutanen Kudu da kwat, har Turawa biyu da wata Baturiya ta ɗaura ɗankwali a karkace. Malamai suka yi addu'a, aka raba waina. Sai wani dattijo mai farin gilashi, abokin aikin Idi, ya tashi ya ce Allah ya kawo yayan marigayi daga gida, ko zai ce wani abu a madadin dangi.

Da na yi shiru a nan, da yau ba ni da labari. Amma ni Sanda ne. Na miƙe na gyara riga, na gode wa mai gidan nan da ya ba mu aron wuri. Na ga wasu sun dubi juna, na ci gaba.

"Jama'a, mu mun san ɗan'uwanmu bai tara komi ba. Hwarhesa ne kawai, kun san abin da aikin ke kawowa. Amma bai taɓa kai kuka wurin kowa ba sai gida. Duk kaka shina zuwa, mu haɗa mishi ɗan hatsin da za ya riƙe iyali. Yanzu ma ga buhu na kawo ma matarshi. Ɗiya kuwa kada kowa ya damu, gobe ni tahi da su, ba su rasa hura a Madarunhwa."

Na zauna ina jiran a ce madalla. Ba wanda ya ce. Wakilin sarki ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rawani. Baturiyar ta karkata ga na kusa da ita tana neman fassara, ya girgiza mata kai. Dattijon mai gilashi ya ce Allah ya saka wa dangi da alheri, a shafa fatiha. Daga cikin gidan kuma, ta taga, na ji kukan mace ya tashi, aka yi maza aka rufe tagar.

Da taro ya fara watsewa, Lawal ya zo ya ce in taka mu ga wani abu. Muna tafiya ya tambaye ni, cikin ladabi, su waye ake ce wa farfesa a ƙasarmu. Na gaya masa. Sai ya yi mini bayani a hankali, yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Ya ce a nan ba haka ba ne. Malaman kwaleji a jami'a ake koyar da su, masu koyar da su kuma akwai wanda ke bisa kansu, shi ne farfesa. 'Yan ƙasa masu wannan suna a duk yankin ba su da yawa. Gidan da na yi godiyar aro, gidan Idi ne. Motar da ke rumfar gefe tasa ce, in zai zo gida a Jibiya yake barinta, wai ba zai shiga garin da iyayensa ke tafiya a ƙasa yana tayar musu da ƙura ba.

Kafin in gama haɗiye wannan muka iso wata gona da aka yanka fala-fala, kowane fili da irin geronsa. Na gane su tun daga nesa, kamar yadda mutum ke gane awakin unguwarsu a kasuwa. Lawal ya ce aikin Idi ke nan tun da ya san shi: yana haɗa irin wannan da na wancan, yana neman geron da zai nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Zangarniyar da yake roƙa ba ta taɓa shiga turmi ba. Ya ce a aji ma ba ya kiransu da lamba, da sunan masu su yake kira, har ɗalibai suka haddace. Ya nuna wannan ya ce na Alhaji Bawa ne, wancan na mutanen Gabi. Ya tsaya a kan wani mai dogon kai.

"Wannan shi ne geron Yaya Sanda. Ashe kai ne."

Na nemi wuri a kan kunya na zauna. Na tuna maganata ɗaya bayan ɗaya, da fuskokin da suka saurare ta. Na tona wa mutum asirin talaucin da bai taɓa yi ba, a ƙofar gidansa, gaban waɗanda ya koyar. Wallahi da akwai motar Katsina a bakin gonar nan da na shige ta ko takalmi ban ɗauka ba.

Ranar ban iya shiga wurin Rabi ba. Na fake da gajiya, aka kai ni ɗakin baƙi. Da la'asar sakaliya yaran suka shigo gaishe ni, suka durƙusa, babbar ta ce, "Baba, kun zo lahiya? Ina su Inna?" Bakin Madarunfa tsantsa, a tsakiyar Zariya. Wata tsohuwa, gwaggon Rabi, ta kawo mini abinci ta zauna tana ba ni labarin da ban tambaya ba. Ta ce komai taron da Idi yake, azahar na yi zai dawo gida, ya bar tebur ya shimfiɗa tabarma, su ci a kwano ɗaya da yaran. Shi ke yi wa mazan aski ranar Juma'a. In yana duba takardun ɗalibai, ƙaramin na kan cinyarsa. Ko a gadon asibiti, abin da ya yi ta nanata wa Rabi shi ne kada ta bari yaran su manta gida, kuma in Yaya ya yi magana kada ta musa masa. Na ce Allah ya jiƙansa.

Da safe na fito zan yi alwalar walaha, sai na yi tuntuɓe da akwatunan ƙarfe uku a bakin ƙofa, an ɗaure kowanne da igiya, an ɗora 'yan takalma a kai. Yaran na tsaye gefe cikin kayan tafiya. Rabi na zaune daga cikin falo a ƙasa, ta lulluɓe har fuska. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar da ya kamata in yi tun jiya. Muryarta ta dushe.

"Yaya, 'ya'yanku ne, ga su nan. Na haɗa musu kaya. Abu ɗaya nake roƙo, ƙaramin ba ya barci sai an riƙe masa hannu."

Ba ta ce tana da aikinta na koyarwa ba, ko da yake tana da shi. Ba ta ce maganata ta jiya ta ƙona ta ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na tsaya ina kallon igiyar akwatunan, na tuna alkawarin da na yi wa Inna Hajo, na tuna kuma cewa duk abin da na gina alkawarin a kansa ni na ƙaga shi. Na durƙusa na fara kwance igiyar da hannuna, kullin ya ƙi, sai da na sa haƙori.

"A mai da kayan ga ɗaka," na ce. "Su zamna inda ubansu ya aje su. Ki yahe mini, Rabi."

Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, yaran suka ruga wurinta. Da ta natsu ta ce in an yi hutu mai tsawo za ta kawo su da kanta, su yi wata a wurin Inna. Na so in sulale da buhun geron in sayar a tasha don kada in sake ganinsa, ashe tun daren jiya ta sa an buɗe shi. Furar da aka dama mini ta sallama da shi aka yi, ta ce yaran sun daɗe ba su sha ta gida ba. Ban san ko gaskiya ce ko rufa mini asiri ta yi ba, na dai sha.

Dawowa ba abin faɗi. A Ɗan Isa ɗan duwan nan ya gane ni, ya tambayi marayun furofesa, na ce suna lafiya, na yi sauri na hau mota.

Ban shiga gidana ba sai da na biya wurin Inna Hajo. Ta ji takuna, ta karkata kunne tana sauraron ko akwai wasu ƙananan ƙafafu a bayana. Na zauna a ƙasa na gaya mata babu, na kuma gaya mata dalili, ban rage komai ba: gidan, da motocin, da gonar, da mutanen da suka zo daga nesa, da abin da sunan nan yake nufi a can. Ta saurara har na ƙare, tasbahar ta tsaya a hannunta.

"Ai ya hwaɗa mini," ta ce. "Shekarar da anka ba shi, nan inda kake zamne ya zamna. Ya ce, Inna, yanzu manya nike koya ma. Raina ya yi hwari. Sai kuma na ji kai ka ce ba haka ba ne. Na ce Sanda ya yi lakwal, ya hi ni sani, wancan ya hwaɗa ne don in ji daɗi."

Ba faɗa take yi ba, labari kawai take ba ni. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana kwana da tausayin ɗan da ya kamata ta yi alfahari da shi, kunyar ɗan fari kuma ta hana ta sake tambayarsa. Na rasa inda zan sa fuskata, ko da yake ba ta ganina sosai.

Can ta ce in sake faɗin kalmar, a hankali, yadda su suke faɗinta. Na faɗa. Ta gwada a bakinta, ta sake gwadawa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira shi da wani abu ba sai wancan. Ta ja tasbaharta, ta juya fuska wajen gabas.

"Allah ya jiƙan Hwarhesa," ta ce.